Kwarin Komadugu a kan keke: Daga kwaltar Diffa zuwa yashin Sayam

Da sanyin safiyar watan Disamba, kafin rana ta huda hazon hunturu, abin da kunne ke fara ji a kan kwaltar da ta fita daga garin Diffa ta nufi yamma shi ne ƙarar kacar keke. Wani ya ɗauro jarkokin ruwa, wani ya goyo ƙanensa zuwa makaranta, wani kuma ya ɗaure fartanya a jikin ƙarfen keken ya nufi gonar tattasai. Mota takan wuce jefi-jefi, ta bar ƙura, hanya ta sake yin tsit.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Turai sun san irin wannan hanya, domin a can kuɗi ake kashewa a je a hau ta. A Faransa akwai hanyar keke ta kusan kilomita 900 da ke bin gaɓar kogin Loire. A Jamus da Ostiriya dubban mutane kan bi kogin Danube daga Passau zuwa Biyana, tafiyar kilomita 300 da 'yan kai, suna kwana a ƙauyuka. Abin da ake tallata musu bai wuce uku ba: ƙasa shimfiɗaɗɗiya marar hawa, kogi a gefe, da hanyar da motoci ba su dame ta ba. Duka ukun akwai su a kwarin Komadugu, a kudu maso gabashin Jamhuriyar Nijar. Sai dai shirun da ke kan hanyoyin Diffa yana da tarihi, kuma duk wanda zai yi maganar yawon keke a nan bai kamata ya tsallake shi ba.

Ruwan da ya taso daga Kano

Mutumin Kano da ya tsaya a gadar Wudil yana kallon ruwa, wataƙila bai san cewa wani sashe na ruwan nan Diffa zai je ba. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Shi kuma ya haɗu da na Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, bayan sun ratsa fadamun Haɗeja da Nguru. Daga wajajen Gashuwa sunansa ya koma Yobe, ya wuce Gaidam, sannan ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar na tsawon kusan kilomita 150, har ya faɗa tafkin Chadi a kusa da Bosso. Da yaren Barebari, Komadugu na nufin kogi. A kusa da gaɓarsa ne, ba nisa da Gaidam, aka gina Birnin Gazargamu, hedikwatar daular Borno, wadda ta tsaya fiye da shekara 300 kafin a rushe ta a 1808.

Saboda doguwar tafiyar da ruwan ke yi, kogin ba ya bin kalandar damina irin ta sauran wurare. Yakan iso Diffa a tsakiyar damina, ya ci gaba da ƙaruwa bayan an ɗauke ruwan sama, ya kai maƙura a wajajen Nuwamba da Disamba. Daga nan ya fara ja da baya, zuwa bazara ya tsinke ya bar tafkuna nan da can, har yaro ya iya tsallaka iyakar ƙasa da ƙafa. Madatsun ruwa na Tiga da Challawa da ke jihar Kano, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992, suna da hannu a yawan ruwan da ke isowa da kuma lokacin isowarsa, abin da ya sa manomin Diffa kan kasa kunne ga labarin daminar Kano kamar tasa.

Wannan jinkirin shi ne arzikin yankin. Jihar da ruwan samanta bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, sai ga ta da kogi cike a lokacin da ko'ina ya bushe. A gefensa ake noman shinkafa, albasa, alkama, masara, da uwa uba jan tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinaren Manga. Kafin rikici ana samun kimanin tan dubu 10 na busasshen tattasai a shekara, kuma mafi yawansa kasuwannin Najeriya ake kai shi. Ƙungiyar Oxfam, a wani rahoto da ta fitar a 2017, ta ƙiyasta cewa tattasai da bandar kifi kaɗai suna kawo wa tattalin arzikin yankin sefa biliyan 28 a shekara kafin abubuwa su lalace.

Ga mai keke, ma'anar duk wannan ita ce lokacin da kwarin ya fi kyau ya zo daidai da lokacin da yanayi ya fi sanyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kogi na da ruwa, gonaki kore shar, an baza tattasai a ƙasa yana shan rana, filin ya yi ja wur kamar an shimfiɗa darduma. Ƙasar kuma ba ta da tudu ko gangara da za a ambata, domin tsohon gindin babban tafkin Chadi ce na zamanin da.

Ranar da aka ajiye babura

A ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, babban harinsu na farko a cikin ƙasar. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka sa dokar hana fitar dare, aka rufe wasu kasuwanni, aka hana cinikin kifi da tattasai bisa zargin cewa mayaƙan na karɓar haraji a kansu, aka taƙaita sayar da man fetur da takin zamani na yuriya. Sannan aka hana hawa babur kwata-kwata, saboda shi ne abin hawan da maharan suka fi amfani da shi.

Wanda bai zauna a irin waɗannan garuruwa ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan doka ta ƙarshe. Babur ne motar asibitin ƙauye. Shi ke kai manomi gona, ya kai buhu kasuwa, ya kai malami makarantar da ke nesa da kwalta. Kabu-kabu kuma ita ce sana'ar da matashin da bai yi boko mai zurfi ba yake ci da iyalinsa. Dare ɗaya aka wayi gari duk wannan ya tsaya, kuma dokar ta ɗauki shekaru tana aiki. An sassauta haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019, amma matasan da suka sayar da baburansu da araha a farkon lamarin ba wanda ya mayar musu da jarinsu.

Cikin wannan giɓi keke ya dawo. Dattijon da ya jingine tsohuwar Raleigh ko Phoenix a zaure tun shekarun da babura 'yan China suka cika kasuwa, ya fito da ita ya kai wa mai gyara. Ma'aikacin gwamnati da ɗalibin jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, suka haɗu a layin mai faci. Mutanen Maiduguri ba za su yi mamaki ba, domin su tun a watan Yulin 2011 aka hana su babur, kuma har yau birnin na daga cikin wuraren da aka fi hawan keke a arewacin Najeriya.

Keke bai maye gurbin babur ba, kada a yi wa kai ƙarya. Ba ya ɗaukar mai naƙuda, ba ya kai buhun shinkafa biyu kilomita 30 cikin yashi. Amma mai tafiya a ƙasa kilomita 4 zuwa 5 yake ci a awa, mai keke kuwa ko da kaya yakan ninka haka sau biyu ko uku, kuma ba ya neman izinin sayen mai daga kowa. Ga mutumin da aka raba da gidansa na bakin kogi aka ajiye shi a gefen kwalta, wannan bambanci shi ne tsakanin ya je gona ya dawo kafin dokar dare, ko ya haƙura da noman bana. Busasshen tattasai ma ya yi wa keke adalci: buhunsa ƙato ne a ido amma ba nauyi, shi ya sa ranar Talata, ranar kasuwar Diffa, za ka ga keke tafe da buhuna har ba ka ganin mai tuƙin.

Yamma da gari

Hanyar da ta fi dacewa da keke ita ce babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Maraɗi da Damagaram, ta iso Diffa bayan fiye da kilomita 1,300, ta ƙare a N'Guigmi. Sashenta na gabas da taimakon ƙasar Kanada aka gina shi a shekarun 1970, ana kiranta hanyar haɗin kai. Daga Diffa zuwa Chetimari kimanin kilomita 25 ne, zuwa Maine-Soroa, mahaifar marigayi shugaba Tandja Mamadou, kimanin 75. Kwaltar ba a bakin ruwa take ba. Tana tafiya ne a arewa da kogin, wani wuri kusa, wani wuri da 'yar tazara. Abin da ke nuna maka inda kogin yake shi ne duhun itatuwa a hannun hagu idan ka fuskanci yamma: goriba, tsamiya, kanya da bagaruwa, alhali a hannun dama sai fili da aduwa da ƙirya-ƙiryan ƙaya har iyakar gani.

Mai son ya ji daɗin wannan hanya sai ya san halin iska. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato wanda ya bar Diffa ya nufi Chetimari tana tura shi ta baya, yana tafiya kamar an ɗaura masa inji. A komowa ne zai biya bashi. Iskar takan yi ƙarfi daga hantsi zuwa azahar, don haka masu bin hanyar kullum kan jira ta lafa da la'asar, ko su yi sammakon dawowa. Baƙo kan yi kuskuren auna ƙarfinsa da tafiyar zuwa.

Abu na biyu ƙaya. Muddin taya na kan kwalta lafiya lau, amma da ka sauka gefe domin ba babbar mota hanya, ko ka bi ɗaya daga cikin ƙananan turakun da ke gangarawa gonaki, tsidau na jiranka a ƙasa, ƙarangiya kuma na jiran ƙafar wando. Ga kuma wata itaciya mai doguwar ƙaya da aka shigo da ita domin tare hamada, ta zo ta mamaye wurare da dama a yankin tafki. Babu mai hankalin da zai fita ba famfo, ba gam da ƙyallen faci. Wasu kan yanka tsohuwar taya su shimfiɗa ta a cikin sabuwa domin ƙara kauri. Keken zai yi nauyi, amma ya fi tura shi da hannu kilomita 10. Kekunan tsere masu siririyar taya, irin waɗanda ake gani a talabijin, ba su da aiki a nan. Wanda ke ƙasar waje yake tunanin aiko wa ƙanensa keke, ya aiko mai faɗin taya da ƙaƙƙarfar kujerar kaya a baya, wanda mai gyaran bakin kasuwa zai iya samun kayansa. Keke mai giya 21 da babu wanda ya san yadda ake saita ta, wata shida zai yi ya koma rataye a bango.

Waɗancan ƙananan turaku su ne ainihin abin kallo. Ƙasar kusa da kogi laka ce, idan ta bushe takan yi tauri ta yi santsi, keke na gudu a kanta fiye da yadda mutum zai zata. Ana bi ta tsakanin fangalin shinkafa da kwamin tattasai, ana jin tafarfasar injinan ban-ruwa, ana gaisawa da Barebari Mobar da Manga a gonakinsu, da Fulani masu gangaro da shanu mashaya. A tsallaken ruwa, jifa ɗaya, Najeriya ce. Kuɗin da ake ciniki da shi a ƙauyukan nan ma sau da yawa naira ce ba sefa ba. Sai dai daidai nan ne kuma haɗarin ya fi yawa, domin idan ruwa ya janye, abin da ya sauƙaƙa wa ɗan kasuwa tsallakowa shi ya sauƙaƙa wa ɗan bindiga.

Inda kwalta ta ƙare

Sayam Forage na arewa maso yammacin Diffa, tafiyar kilomita 40 da wani abu, a cikin ƙaramar hukumar Chetimari. Kalmar forage ta Faransanci ce, tana nufin rijiyar burtsatse, kuma sunan ya gaya maka irin wurin: daji ne na makiyaya wanda ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. An daɗe da sanin Sayam da cibiyar kiwo ta gwamnati inda ake adana irin shanun Kuri, fararen shanun tafkin Chadi masu kumburarrun ƙahoni.

A ƙarshen Nuwamban 2014 Boko Haram ta kama Damasak, garin da ke tsallaken kogi a jihar Borno. Dubban mutane suka faɗa ruwa suka haye, da dama suka yada zango a Gagamari. A ƙarshen Disamban wannan shekara hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka buɗe sansani a Sayam. Da gangan aka zaɓi wuri mai nisa da iyaka, saboda tsaro. A yau mazaunansa sun haura dubu 30, mafi yawansu 'yan Najeriya, kuma akwai yaran da aka haifa a can waɗanda yanzu sun kai shekara goma ba su taɓa ganin garin iyayensu ba.

Nisan da ya ba su kariya shi ne kuma ya raba su da abin yi. Manomin tattasai da masuncin da suka tashi a bakin ruwa, sai ga su a tsakiyar yashi, nesa da kogi, nesa da babbar kasuwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mafi yawan waɗanda suka gudo ba su yarda sun shiga sansanin ba, suka gwammace su rakuɓe a cikin garuruwa ko a gefen kwalta.

Mai keken da ya nufi Sayam, da zarar ya bar kwalta ya nausa arewa, labari ya sauya. Laka mai tauri ta ƙare, yashi ya karɓa. Akwai wuraren da za a taka feda, akwai wuraren da dole a sauka a tura, kuma tura keke mai kaya cikin yashi ya fi tafiyar ƙasa wahala. Dabarar da aka sani ita ce a rage iskar taya kaɗan, a bi gefen da ciyawa ta kama ƙasa, a guji sawun manyan motoci inda yashin ya tule. Da sassafe, lokacin da raɓa ta ɗan danne shi, ya fi biyuwa. Nan amalanken jaki da na shanu suka fi keke daraja, kuma ba abin kunya ba ne a ɗora keken a kai a biya kuɗin wuri.

A cikin sansanin kansa kuwa, wanda ya bazu kamar gari, keke jari ne. Da shi ake ɗebo ruwa a jarka mai lita 25, da shi ake zagayawa da ƙananan kayan sayarwa, da shi ake zuwa neman itace wanda kullum ƙara nisa yake. Mai keke ɗaya kan ba da haya, mai faci ya samu na cefane. A wurin da tallafin abinci ke raguwa shekara bayan shekara, ƙarfe mai taya biyu da ba ya shan mai ba ƙaramar kadara ba ce.

Gabas, da abin da ya rage

A taswira, hanyar da ta fi jan hankali ita ce ta gabas: Diffa zuwa Gueskerou, zuwa Toumour, zuwa Bosso inda kogin ke shiga tafki. A zahiri ita ce wadda ba za a ba kowa shawarar ya bi domin yawo ba. Harin da aka kai Bosso ranar 3 ga Yunin 2016 ya kori mutane kusan dubu 50 cikin 'yan kwanaki, suka zube a gefen kwalta a wurare irin su Kindjandi da Garin Wanzam. A Yulin 2017 aka sace mata da yara 39 a ƙauyen Ngalewa. Gadar Doutchi da ke haɗa Diffa da Najeriya, 'yan kilomitoci daga gari, ta sha hari a watan Mayun 2020. Satar mutane domin kuɗin fansa da nakiyoyin da ake binnewa a hanya ba su ƙare ba, kuma har yanzu ana sabunta dokar ta-ɓaci. Abin takaici, ranar 3 ga Yuni ita ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke ta duniya.

Kogin ma ba kullum yake da sauƙin hali ba. A Oktoban 2019 ya yi ambaliya ya raba mutane kusan dubu 23 da muhallansu, ya shanye gonakin shinkafa da tattasai, ya sake yin ɓarna a 2022. Turbar da aka bi lafiya bara, bana tana iya zama ƙarƙashin ruwa.

To me ya rage wa matashin Diffa da ke son hawa keke domin motsa jiki ko nishaɗi, ko ɗan ƙasar waje da ya zo ganin gida? Abin da mutanen gari ke yi shi ne abin yi: a tsaya kan kwalta, a fita bayan gari ya waye a dawo kafin magariba, a riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro, kada a gangara bakin kogi sai da ɗan ƙauyen da ya san halin da ake ciki a ranar, kada kuma a ɗaga waya ana ɗaukar hoto kusa da sojoji ko gada. Sansanin Sayam ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Mai shiga sai da dalili da izini.

A ganina, inda hukumomin jihar suka yi sakaci shi ne ba su ɗauki keke a matsayin abin hawan da ya cancanci tsari ba, alhali doka ce ta tura jama'a kansa. Burkina Faso na gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987, kuma a Wagadugu an ware wa masu taya biyu gefen wasu manyan tituna, mata da maza na hawa ba mai kallon wani. Ruwanda ta karɓi gasar keke ta duniya a Kigali a Satumban 2025, karo na farko a Afirka, shekara ɗaya bayan Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe koriyar riga a Tour de France. Diffa ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan yanzu. Abin da take buƙata ƙarami ne: a gyara kafaɗar kwalta inda ta zaizaye domin mai keke ya samu wurin kaucewa tanka, a zuba jar ƙasa a turakun da ke zuwa gonaki da Sayam, ƙungiyoyin agaji da ke raba buhu da bargo su sa keke da kayan gyaransa cikin lissafi, musamman ga 'yan matan da makarantar sakandare ta yi wa nisa. Tun bayan da Najeriya ta cire tallafin man fetur a Mayun 2023, man bumburutu da yankin ya dogara da shi ya yi tsada, kuma ko mai babur yanzu yakan yi lissafi kafin ya tayar.

A Yunin 2021 gwamnati ta fara mayar da mutane garuruwansu, aka soma da kusan mutum dubu 6 zuwa Baroua, kusa da tafki. Wasu ƙauyukan bakin kogi sun sake rayuwa, wasu har yau kango ne, masu su na zuwa gona da safe su koma gefen kwalta su kwana. Su ne mutanen da ake gani da la'asar sakaliya a kan hanyar Chetimari, an ɗaure buhun tattasai a baya, ana taka feda da sauri ana duban rana.